Jan Ɗigon Yaya

Saƙon ya shigo wayar Yaya ranar Talata da safe, ina cikin ɗakinsa ina karkaɗe labule. Kusan shekara guda ke nan da rasuwarsa, amma wayar ba ta taɓa mutuwa ba. Mama ce ke jona ta a caji kullum, ta ajiye ta a kan teburinsa kusa da tabaransa. Abin da ke shigowa bai wuce tallan kamfanin layi da na masu sayar da littattafai ba. Wannan kuwa daga hukumar da ke kula da na'urar hangen nesa ya fito, kuma da sunansa aka buɗe shi. Layi biyu ne kawai: an kammala kallon da ka nema, hotunanka suna jiranka.

Na zauna a bakin gadon. Na san kwamfuta ce ta aiko, ita kuwa ba wanda ya gaya mata an yi rasuwa. Duk da haka sai da na waiwaya na dubi ƙofa.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni, bari in taƙaita muku. Yayana masanin taurari ne, a sashen binciken da ni ma nake aiki yanzu, ina tace hotuna da lissafi. Na'urar da muke dogaro da ita ba a ƙasa take ba. Tana can sama, nesa da gajimare da iska, kuma masu bincike daga ko'ina layi suke bi kafin a ba su 'yan awoyi a kanta. Za ka rubuta buƙata, a tantance, in ka yi sa'a a sa ka cikin masu jira. Yaya ya samu sau biyu. A kallon farko ya gano wani ɗan jan ɗigo da ya sa sunansa ya shiga jaridu. Kallo na biyun shi ne wannan da ya iso bayan babu shi.

Akwai kuma Dogo. Abokin Yaya ne tun suna ɗalibai, sunansa ne na biyu a kan takardar binciken, kuma shi aka ba kujerar shugaban rukuninmu bayan rasuwar. Shi ke nemana da aure. Manyansa za su zo gidanmu ranar Asabar.

Mama ta leƙo da tsumman goge tebur a hannu.

"Auta, wayar yayanki ce ta yi ƙara?"

"Ita ce. Daga wurin aikinsa ne. Hoton da ya nema na biyu ya iso."

Ta tsaya a bakin ƙofar, ta ninke tsumman, ta sake ninkewa.

"Ashe bai gama aiko mana da abu ba," ta ce. "Ki wanko min shi kafin Asabar. Babba, kamar wancan. In rataye su tare, baƙi su gani."

Na ce to.

Wancan ɗin yana falo, sama da talabijin, cikin baƙin firam. Duhu ne da ɗigo-ɗigon haske, sai wata da'ira da Yaya ya zana da hannunsa. Mama tana kiransa tauraron yayanki. Ya yi ta gaya mata ba tauraro ba ne har ya gaji ya bar ta. Babanmu ya rasu tun muna ƙanana, hotonsa yana ɗakinta. Na Yaya kuwa ta ƙi ratayewa a ko'ina. Wannan duhun shi ta rataye a madadinsa.

Gwaggo, ƙanwar babanmu, tana zaune a kan kafet a ƙarƙashin hoton. Tun Lahadi ta sauka da akwatinta, ta ce ba inda za ta sai an gama komai. Ta baza riguna biyu da tela ya kawo, ɗaya ruwan zuma mai aiki a wuya, ɗaya shuɗiya mai duhu, marar ado sai layin zare a bakin hannu.

"Zo nan, mai kallon sama. Wacce za ki sa?"

"Duk wadda kika zaɓa, Gwaggo."

"Ji ta. Kamar ni za a zo gani."

"Ai ke ma ba ki tsufa ba."

"Rufe min baki. In na fito da kwalliyata, dogon nan naki hanyar gidansu ma sai an nuna masa."

Na ɗauki jakata na fita tana ci gaba da mita a kan takalmin da na sa.

Ofishinmu a hawa na biyu yake, ɗaki mai tebur huɗu da na'urar sanyi da ke ɗiga cikin bokiti. Teburin Yaya ni aka ba. Kujerarsa tana karkata hagu saboda yadda yake zama, kuma har yau ban gyara ta ba. Abokan aikina biyu da muke ɗakin tare sun tafi koyarwa, ni kaɗai ce. Sunana yana cikin buƙatar kallon, don haka na shiga na sauke hotunan ba tare da neman izinin kowa ba.

Sai na ɗan yi muku bayani a nan, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba. Na'urar ba ta ɗaukar hoto mai launi kai tsaye. Tana da gilasai masu tace haske, tana juyo su ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana barin launi guda ya wuce. Haske in ya yi doguwar tafiya a cikin sararin da ke ta buɗewa, yakan koma ja. Saboda haka abin da ya fito a gilashi mafi ja, ya ƙi fitowa a sauran, alama ce daga can farkon zamani ya taso. Haka ɗigon Yaya ya yi. Lissafinsa ya nuna gungun taurari ne, cikin na farko-farko da suka kunnu.

Sai dai kallon farkon bai cika ba. Ka'ida ita ce a ɗauki hoto, a ɗan gusa, a sake ɗauka, don a bambance abin da ke sama da abin da ke maƙale a idon na'urar. Ranar an samu tangarɗa, aka katse kallon kafin a gusa. Yaya ya rubuta hakan a takardarsa, bai ɓoye ba, kuma shi ya sa ya nemi a sake dubawa.

Hoton na biyu ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba. An daɗe ana tara haskensa, an gusa yadda ya kamata. Na bi unguwar da na haddace. Ga gungun nan mai kama da zanen babban yatsa. Ga ɗigo uku a jere da Yaya ke kira 'yan uku. Daga na ƙarshensu sai ka ɗan sauka dama.

Babu komai a wurin.

Na ƙara haske, na rage. Na duba ko na juya hoton ne. Na buɗe na jan gilashi shi kaɗai. Abubuwan da suka fi ɗigon rauni ma sun fito, waɗanda ba mu taɓa gani ba. Gurbinsa kawai ne wayam. Gungun taurari kuwa ba ya tashi ya bar unguwa cikin shekara biyu.

Na tashi na zubar da ruwan bokitin, na dawo na zauna.

Idon na'urar yana da wani hali da duk mai wannan aikin ya sani. In ya kalli abu mai tsananin haske, ba ya sakinsa nan take. Sauran hasken yakan maƙale a wurin, ya riƙa dushewa a hankali, kamar yadda kake ci gaba da ganin tabon fitila bayan ka kau da kai. A ofis fatalwa muke ce masa. Maganinsa shi ne ka duba abin da na'urar ta kalla kafin kai. Yaya ya so ya duba, amma hoton na wasu masu bincike ne, kuma kowane rukuni ana kulle masa hotunansa na shekara guda kafin a buɗe wa kowa. Lokacin da aka buɗe, Yaya yana kwance a asibiti.

Na nemo shi a rumbun hotuna. Bai ɗauke ni minti goma ba. Na ɗora shi a kan hoton Yaya na farko, kusurwa a kan kusurwa. Wani ƙaton tauraro, fari fat, ya zauna daidai inda da'irar take. Sannan na duba jerin gilasan. Da jan aka fara. Kafin a juyo sauran, tabon ya riga ya dushe. Shi ya sa ɗigon ya fito a ja kawai.

Ban yi kuka ba, ga masu son sani. Abin da ya faɗo min a rai wani taron rukuni ne, makon da jikin Yaya ya tsananta. Wani ya tambaya ko an duba hoton da aka buɗe. Dogo ya ce ya duba, tsaf yake. Daga nan ba wanda ya sake tambaya, har ni.

Ofishin Dogo yana ƙarshen baranda. Na same shi yana gyara takardun ɗalibai, cikin farar riga ya naɗe hannunta, ƙafafunsa sun fito ta ƙarƙashin tebur don ba su taɓa samun wuri ba. Ya yi murmushi da ya gan ni. Ba zan ɓoye muku ba, ina son murmushin. Bayan rasuwar Yaya, shi ne mutum na farko da ya sa na yi dariya, kuma bai yi ta da niyya ba, kansa ya buga a ƙofar kicin ɗinmu ya ba ƙofar haƙuri.

"Amarya da kanta. Gwaggo ta sake ki?"

"Hoton na biyu ya iso."

"Na ga saƙon."

"Ka buɗe?"

Na ajiye kwamfutata a gabansa, na juya masa allon. Bai kalle shi ba. Ya rufe alƙalaminsa, ya ajiye shi a kan takardun.

"Tura ƙofar, Auta."

Na tura.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun ranar da aka mayar da yayanki ɗakin da ke kusa da na ma'aikatan jinya. Da safe na duba, da yamma na tafi da kwamfutar a jakata don in nuna masa. Ina shiga ya janye abin numfashin ya ce, Dogo, an buɗe? Na ce an buɗe. Ya ce, to?" Ya shafa fuskarsa. "Kin ga yadda hannunsa ya koma a lokacin. Na ce masa tsaf yake. Ya yi dariya har nas ta leƙo. Kin fita sayo ruwa, kin dawo kin tarar yana yi."

Na tuna. Na tambaye su abin da ya faru, Yaya ya ce maganar manya ce. Ita ce dariyarsa ta ƙarshe da na ji, kuma shekara guda ina ajiye da ita.

"Ƙaryar asibiti na gane ta," na ce. "Wataƙila ni ma ita zan yi. Bayan asibiti fa?"

"Na ce bari Mama ta ɗan dawo hayyacinta. Sai aka gayyace ni taro in yi magana a madadinsa. Sai wani taron. Sai aka ba ni kujerar nan. Duk watan da ya wuce, maganar ta fi ta watan baya nauyi."

"Ka tsaya a gaban mutane ka nuna musu ɗigon."

"Na tsaya."

"Har ɗalibi ka ba ya yi digiri a kansa."

"Zan sauya masa aiki. Saurara." Ya jawo kujerarsa kusa. "Sabon hoton namu ne mu kaɗai har shekara guda. Ba mai ganinsa. A yi Asabar lafiya, a yi biki, hankalin Mama ya koma kan wani abu. Sannan mu zauna mu biyu mu rubuta gyara a natse, yadda sunansa ba zai taɓu ba. Kuskure ne da kowa zai iya yi."

"Ta ce in wanko mata sabon kafin Asabar."

Ya yi ɗan tunani.

"Ki wanko na farkon, ki ƙara masa haske kaɗan. Ba za ta bambance ba."

Ya faɗe ta ne a sauƙaƙe, kamar mai ba da shawarar hanyar da ba cunkoso. Na tsaya ina kallon agogon hannunsa, wanda Mama ta ba shi cikin kayan Yaya.

"Sunan mutum nawa ne a kan buƙatar kallon nan?" na ce.

"Uku."

"Ɗaya ya rasu. Ɗaya kai ne."

"Kada ki ƙarasa wannan maganar, Auta."

"Ban ƙarasa ba."

"Tun kina sakandare nake zuwa gidanku. Kin sani."

Na sani. Abin da ban sani ba shi ne me ya sa sai bayan rasuwar ya buɗe baki da maganar aure. Yana iya zama kunyar Yaya ce ta hana shi a da. Yana iya zama don ni ce ta ukun, mai iya tona shi. Na ɗauki kwamfutata na fita.

Daga ranar saƙonninsa suka fara shigowa. Ga wasu, yadda ya rubuto su.

"Kin isa gida?"

"Ban ce ba za a faɗa ba. Lokaci kawai na roƙa."

"Ki tuna hawan jininta."

"Na zo ofis ba kya nan. Na bar miki shayi a tebur, ya huce."

"Ko ba ki amsa komai ba, ki amsa wannan: mu zo ranar Asabar?"

Wannan na amsa. Na rubuta, "Mama tana jiranku." Gaskiya ce, kuma ita kaɗai nake da ita a lokacin.

A gida kuwa aiki ya kacame. An fitar da kujerun falo an kakkaɓe, an sauya labule, an aro kofuna daga maƙwabta. Mama ta samu ƙarfin da rabon in gan ta da shi tun kafin asibiti. Ta sa aka buga sabuwar ƙusa a bango, daidai tsayin ta farko. Duk sanda na wuce sai ta tambaya, "An wanko?" In ce mai shagon ya ce gobe.

Ranar Laraba da yamma wayar Yaya ta sake yin ƙara. Hukumar ce ke sanar da shi cewa wani daga rukuninsa ya sauke hotunansa. Mama ta kawo min ita har kicin, riƙe da hannu biyu.

"Yana ta magana wannan makon," ta ce.

Na karanta mata, na mayar da wayar kan teburinsa. Ɗakin yana nan yadda ya bar shi, takalmansa a jere, rigar sanyinsa a bayan ƙofa. Da na juya zan fita, sai na ji kamar ana jiran in ba da rahoto. Haka yake yi min in na gama wani aiki, ya jingina da kujera ya ce, to, me kika gani, ban da abin da kike so ki gani? Na ja ƙofar a hankali.

Ranar Alhamis na je shagon wankin hoto da fayil biyu a wayata. Mai shagon ya tambaye ni wanne. Na daɗe a tsaye har wata mata da ke bayana ta ce ko in matsa ta wuce. Na nuna masa ɗaya. Ya naɗe min shi cikin takarda mai kauri, na kai ɗakina na tura bayan kabad.

Gwaggo ce ta tare ni ranar Juma'a, ina guga. Ta zauna a kan gadona ta kwance ɗankwalinta tana fifita da shi.

"Ke, kwana uku ina lura da ke. Abinci sai ki juya cokali ki tashi. Faɗa kuka yi?"

"A'a."

"Wata ce?"

"Ba wata."

"To me? Bashi? Ciwo?"

"Maganar aiki ce, Gwaggo."

"Aiki." Ta yi tsaki. "Ku 'yan boko, abin da ke saman da ba mai zuwa shi zai hana ku cin abin da ke faranti. Bari in gaya miki. Ni na ga yaron nan a asibiti yana wanke wa yayanki ƙafa a roba, yana goge masa tsakanin yatsu. 'Yan'uwan jini ma a bakin ƙofa suka tsaya. Namijin da ya yi wannan, me kuma kike nema a wurinsa?"

"In ya ɓoye miki abu don kada ranki ya ɓaci fa?"

"Sai in gode masa. Mijina da ya ɓoye min rabin abin da ya gaya min, da har yanzu ina da baƙin gashi."

Na yi dariya, ita ma ta yi. Sannan ta dube ni da kyau.

"Uwarki ta fara barci. Kada ki taɓa min wannan."

Ta ɗauki shuɗiyar rigar ta ce ita zan sa, tunda fuskata ta ƙi ruwan zuma.

Asabar da hantsi gidan ya cika da ƙamshin turare da ƙarar faranti. Baffa, yayan babanmu, ya iso da wuri ya zauna a falo cikin fararen kaya, yana duba agogo. Na sa shuɗiyar rigar da farin mayafi, da 'yan kunnen Mama na azurfa. Na ciro hoton daga bayan kabad na nufi ɗakinta.

Tana gaban madubi tana gyara mayafinta. Ta gan ni ta cikinsa.

"Sai yau? Kawo, kawo. Ko ba firam a manna shi haka."

Ta zauna a bakin gado, ta sa tabarau, ta warware takardar a kan cinyarta. Ba ta san sunan komai a ciki ba, amma ta san hanya. Yatsanta ya bi 'yan ukun, ya sauka dama, ya tsaya. Ya koma baya ya sake biyowa.

"Ina yake?"

Na durƙusa a gabanta.

"Babu shi, Mama. Tun farko ma babu shi."

Na yi mata bayanin fitila da tabon da take bari a ido. Na gaya mata ƙaton tauraron da aka kalla kafin Yaya. Ban yi sauri ba, ban kuma sassauta ba. Ta saurara har ƙarshe, yatsanta yana wurin.

"To ƙarya yayanki ya yi wa mutane?"

"A'a. Abin da na'urar ta nuna masa ya faɗa. Kuma shi da kansa ya nemi a sake dubawa. Wannan hoton shi ya aika a ɗauko."

"Da yana nan me zai yi?"

"Zai rubuta cewa ya yi kuskure, kafin ya ci abincin rana."

"Haka zai yi," ta ce. "Yana yaro in ya fasa kofi, shi ke kawo min ɓaraguzan a hannu."

Ta cire tabaran ta riƙe. Daga waje na ji tsayuwar mota, sai ta biyu, sai muryar Baffa yana yi wa mutane maraba.

"Ya tafi yana ganin abinsa yana nan?"

"Eh."

"To alhamdu lillahi da wannan." Ta ɗago ta dube ni. "Shi dogon ya sani?"

Na san abin da amsata za ta iya rushewa, kuma ba na Mama kaɗai ba ne. Na ji buɗe ƙofofin mota, da dariyar wata mata da ban sani ba.

"Ya sani."

"Tun yaushe?"

"Tun Yaya yana asibiti. Shi ya ce masa yana nan, don ya ji daɗi."

"Allah ya saka masa da wannan." Ta mayar da tabaran. "Bayan nan kuma duk Juma'a yana zaune a falona, yana yi wa baƙina bayanin hoton nan."



Gwaggo ta turo ƙofa, gwal a wuya da hannu, tana haki.

"Hajiya, sun iso fa. Har da wata tsohuwa mai sanda. Ke kuma me kike yi a ƙasa da sabuwar riga?"

"Ki ce wa baffansu ya zaunar da manyan, a ba su ruwa," Mama ta ce. "Kada a fara maganar komai tukuna. Shi yaron a turo min shi nan, shi kaɗai."

"Nan ɗakin? Ana yin haka?"

"Yau za a yi."

Gwaggo ta dube ni, ta dubi hoton, ta fita. Na yunƙura zan bi ta.

"Zauna," Mama ta ce. "Kuma kada ki sa baki."

Na koma gefen gado na zauna a ƙasa. Ta shimfiɗe hoton da tafin hannunta, ta danne gefen da ke naɗewa.

Na san takunsa tun daga baranda. Ya yi sallama, ya sunkuyar da kai ya shigo, cikin kaya ruwan toka da guga ta kama. Ya gaishe ta, ta amsa kamar kullum, har ta tambayi hanya. Bai san wanne na wanko ba. Bai san abin da na faɗa da wanda ban faɗa ba.

"Ɗana," Mama ta ce, ta miƙa masa hoton, "ga na biyun nan ya iso. Zo ka nuna min inda yake. Idona ya fara rauni."

Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Kafin ya dubi hoton, ni ya duba. Ni kuma na dubi ƙasa.